Tsakanin Zuciya Da Tumbi: Kalmomin Da Majiyyaci Ke Ji A Asibiti

Idan Bahaushe ya ce zuciyarsa tana tashi, ba zuciya ya ke nufi ba, amai ne ya ke neman zo masa. Idan kuwa ya ce yana da ciwon zuciya, mai yiwuwa baƙin ciki ne ya dame shi, mai yiwuwa kuma zafin nan ne da ke taso wa mutum a ƙirji bayan ya ci abinci mai yaji. Wannan ruɗani ba na Hausawa kaɗai ba ne. Girkawan da, waɗanda daga harshensu aka ɗebo yawancin kalmomin asibiti, da kalma ɗaya su ke kiran zuciya da bakin tumbi, watau kadiya. Har yau da wannan suna likitoci ke kiran wurin da bututun abinci ya haɗu da tumbi.

Da a baki kawai ruɗanin ya tsaya, da babu laifi. Amma akwai ciwo biyu da ke zuwa a wuri ɗaya, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai kisa. Na farko shi ne ƙwannafi, watau ruwan tumbi mai tsami ya hau cikin bututun abinci ya riƙa ƙuna. Na biyu shi ne wanda a ke cewa bugun zuciya, ko da ya ke sunan kansa yana da rikici, tun da zuciyar kowane mai rai bugawa ta ke yi. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙananan jijiyoyi da ke ciyar da naman zuciyar kanta. Kitse yakan taru a jikinsu shekara da shekaru, sa'an nan wata rana gudan jini ya toshe ɗaya, naman da ke bayan wurin ya soma mutuwa. Majiyyaci yakan ji nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse, ciwon ya bi hannun hagu ko haɓa, ga gumi, ga sarƙewar numfashi. Amma ga mata da tsofaffi da masu ciwon sukari, sau da yawa sai ya zo da tashin zuciya da ciwo a saman ciki kurum. Mutumin da ya ɗauki wannan a kan ƙwannafi ya jiƙa kanwa ya kwanta, ya ɓata sa'o'in da a cikinsu ne a ke iya buɗe jijiyar.

Saboda haka ne likita ke tura mai ciwon ƙirji gwajin da ma'aikata ke kira isiji. Cikakken sunansa elektrokadiyogiram, kuma in an ɓare shi kalma uku ce: lantarki, zuciya, rubutu. Na'ura ce mai zana ɗan lantarkin da ke gudana a zuciya bisa takarda, ba ta sa wa mutum wuta, ba ta da zafi. Wani likitan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ne ya kyautata ta a 1903, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924. Akan haɗa da ɗibar jini a nemi wani sinadari mai suna turofonin, wanda ke fita daga naman zuciya idan ya ji rauni. Eko kuwa hoton zuciya ne da a ke ɗauka da amo. Awon jini ma lamba biyu ce: ta sama sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa sa'ad da ta saki. In awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko fiye, shi ne hawan jini.

Wannan dabara ta ɓare kalma tana aiki ga ciki ma, kuma ɗalibi zai amfana da ita. Gastiro tumbi ne, entaro hanji, hefato hanta. Kalmar da ta ƙare da aitis kumburi ta ke nufi, shi ya sa hefataitis ya zama kumburin hanta. Wadda ta ƙare da skofi leƙawa ce, ektomi kuwa yanke abu a fitar.

Olsa, watau gyambon ciki, ita ce kalmar da ta fi kowacce yawo a ofisoshi da makarantu, har kowane zafin ciki an laƙaba masa ita. An daɗe ana ɗora ta a kan yunwa da tunani. A 1982 wasu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori a tumbi. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan ƙwayoyin da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su Nobel. Yanzu an san wannan ƙwaya da yawan shan wasu magungunan kashe zafi, irin su asfirin, su ne manyan dalilan gyambon, kuma mai ƙwayar yakan warke da magani na kamar mako biyu. Hanyar tabbatar da gyambon ita ce endoskofi, siririn bututu mai fitila da a ke zurawa ta baki a leƙa tumbi.

Sai kuma basir, sunan da a kasuwa ya haɗiye cututtuka barkatai. A wurin likita basir kumburin jijiyoyin dubura ne kawai. Jini a bayan gida yana iya zama nasa, yana kuma iya zama na atuni ko na ciwon dajin babban hanji, musamman ga wanda ya manyanta, ko ya ke ramewa babu dalili. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta kuwa alama ce ta zubar jini daga can sama, wajen tumbi. Gwajin da ke rarrabewa shi ne kolonoskofi, inda a ke leƙa babban hanji ta dubura, kuma in an tarar da ɗan tsiro a kan cire shi nan take tun bai rikiɗe ba.