Fatar matar bangon mujalla: aikin fensir ne

Mu da muka tashi muna zuwa wurin tela a Maraɗi ko Damagaram mun san mujallar Amina, wadda aka fara bugawa a Dakar a 1972. Iyayenmu mata kan buɗe ta su nuna ɗinkin da suke so, mu kuwa mu ƙura wa matar bangon ido: fata sumul, ba ƙurji, ba tabo.

To, ƴan uwa, wannan kyau haɗa shi ake yi. Tun shekarun 1930 a Amurka, kafin a ɗauki hoton ƴar wasa sai an yi mata kwalliya, an jera fitilu. Bayan an wanke fim, wani ma'aikaci ya zauna da fensir mai tsini yana goge kowane tabo. Daga baya kwamfuta ta gaji fensirin.

Ko a Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948, yana ajiye rediyo, agogo da moto don masu zuwa su ara. Mai ganin hoton sai ya ce nasu ne.

Aron rediyo ba ya cutar da kowa. Amma neman irin waccan fata ya kai mata da yawa ga man ƙara haske, mai sa fata ta yi siriri ta tsage. Kodibuwa ta hana sayar da shi a 2015.

Hajiya, kafin ki saya ko ki sayar, ki tuna: ita ma matar bangon, a gidanta ba haka take ba.