Kaza Ta Kwana Kan Dami: Littattafan Intanet Da Jami'arka Ta Biya Ba Ka Sani Ba

Lokacin rubuta furojet ya zo, malami ya ce a kawo madogara na 'yan shekarun nan, ba na zamanin da ba. Me ɗalibi ke yi? Sai ya faɗa guruf ɗin aji a WhatsApp: "Don Allah wa ke da PDF ɗin littafin nan?" In an dace wani ya turo. In ba a dace ba, a koma Google a yi ta lalube har data ta ƙare. Alhali mai yiwuwa jami'arsa ta riga ta biya kuɗin wannan littafi, da dala ma kuwa, yana nan yana jiran mai buɗe shi. Rashin sani, in ji Bahaushe, kaza ta kwana kan dami.

To yaya waɗannan littattafai ke shigowa laburaren jami'a, kuma da wane ma'auni ake yanke hukuncin a ci gaba da biya ko a daina? Amsar ta shafe ka fiye da yadda kake zato.

Saye ne ko haya?

Littafin takarda in laburare ya saya, ya zama nasa. Ko bayan shekara 40 yana kan kanta, sai dai in gara ta ci ko wani ya ɗauke. Na intanet ba haka yake ba. Galibi abin da ake saya izinin karantawa ne, wato lasisi, littafin kuma yana zaune a rumbun kamfanin da ya sayar, irin su EBSCO, ProQuest, Elsevier ko Springer Nature.

Izinin nan kala-kala ne. Akwai biyan shekara-shekara, inda jami'a ke samun dubban littattafai a dunƙule, amma ranar da aka kasa sabuntawa ƙofa ta rufe gaba ɗaya. Akwai saye na dindindin, wanda ya fi tsada, ana zaɓen littafi ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma tsarin da kamfani ke buɗe littattafai da yawa, ba a cajin laburare sai ɗalibai sun fara karanta wani sosai, sannan a saye shi.

Wani abin da ke ɗaure wa ɗalibai kai shi ne adadin masu karatu. Wani lasisin na mutum ɗaya ne a lokaci guda, wani na mutum uku, wani kuma babu iyaka. Shi ya sa ana gobe jarrabawa za ka danna littafi, a ce maka wani na ciki, ka jira. Ba matsalar sabis ba ce, yarjejeniyar ce haka.

Wa ke zaɓa, kuma da wane kuɗi?

Ma'aikatan laburare ba sa zama su kaɗai su zaɓa. Sassa da tsangayoyi ne ke aiko da jerin abin da kwasa-kwasansu ke buƙata, sashen sayen littattafai ya tace. Akwai kuma idon hukumar kula da jami'o'i ta NUC, domin in ta zo tantance kwas, tana duba ko laburare na da littattafai da mujallu na zamani a wannan fanni, har da na intanet. Kwas na iya samun matsala saboda laburare ya gaza.

A jami'o'in gwamnati, manya irin su ABU Zariya mai laburaren Kashim Ibrahim da BUK har zuwa ƙanana, asusun TETFund na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin bunƙasa laburare. Sai dai kamfanonin nan da kuɗin waje suke ciniki. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Ma'ana, abin da aka biya a baya an samu rumbu uku, yanzu da kyar ya ɗauki ɗaya. Dole a zauna a yi lissafi.

Ba a cinikin biri a sama

Kafin a biya, akan nemi kamfani ya buɗe rumbunsa na gwaji na 'yan makonni. A nan ake yin tambayoyi. Littattafan sun dace da abin da ake koyarwa, ko kuwa an cika rumbun da abin da ba mai buƙata? Bugun yaushe ne? Yana buɗewa a ƙaramar waya, ko sai kwamfuta? Ana iya sauke babi a karanta ba data, ko sai kana kan intanet? Wannan tambaya ta ƙarshe babba ce a wurinmu, inda wuta da sabis ba su da alƙawari. Wasu littattafan an sa musu makulli, ba ka iya kwafa ko bugawa sai 'yan shafuka, wasu ma in ka sauke bayan 'yan kwanaki su daina buɗewa.

Sai batun shiga daga gida. Wasu rumbunan suna gane ka ne kawai in kana kan intanet ɗin makaranta. Ɗalibar da ke zaune a gari, ko lokacin hutu da yajin aiki, ita fa? Laburare mai hangen nesa yana neman a ba shi hanyar shiga da suna da kalmar sirri.

Akwai kuma tambayar ranar da kamfani zai rufe. Masu karanta littattafan Hausa a waya sun san wannan, domin a ƙarshen 2023 manhajar OkadaBooks ta daina aiki. Shi ya sa ake so a rubuta a yarjejeniya inda littafin da aka saya na dindindin zai koma in hakan ta faru.

Dannawarka ƙuri'a ce

Bayan an biya, ba shi ke nan ba. Kamfanoni na aiko da rahoton amfani bisa wani tsari na duniya da ake kira COUNTER: sau nawa aka buɗe kowane littafi, sau nawa aka sauke babi, sau nawa aka mayar da wani saboda gurbi ya cika. Daga nan sai a raba kuɗin da aka kashe da yawan amfanin da aka yi.

A ce, misali, an biya naira miliyan 10, aka buɗe littattafan sau 20,000 a shekara. Kowace buɗewa ta tashi naira 500, ciniki ya yi kyau. In kuwa sau 200 kawai aka buɗe, kowace ta tashi 50,000. Wane shugaba ne zai sa hannu a sake biya?

Ga inda gizo ke saƙar. Duk lokacin da mutum ɗaya ya samo PDF a wani lungu ya watsa wa aji na mutum 300, rahoton laburare bai ga ko ɗaya ba. A takarda sai a ga kamar ba mai so, a soke rumbun, 'yan baya su zo su tarar ba komai. Shafukan satar littattafai kuma ba abin dogaro ba ne. A Nuwamban 2022 hukumomin Amurka suka ƙwace adiresoshin Z-Library, ɗalibai da dama a duniya suka wayi gari ba madafa. Ban da haka, sau da yawa tsohon bugu ne ko wanda shafukansa ba su cika ba.

Akwai na kyauta, na halal

Ba komai ne sai da dala ba. Shirin Research4Life, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ciki, yana bai wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa littattafai da mujallu kyauta ko da rahusa. A ƙarƙashinsa akwai Hinari na fannin lafiya da aka fara a 2002, da AGORA na aikin gona a 2003. Shafin DOAB ya tattara dubban littattafan ilimi da kowa zai iya saukewa, OpenStax na Jami'ar Rice da ke Amurka kuma yana da littattafan darasi na kimiyya, lissafi da tattalin arziki, ba ko sisi.

Saboda haka wannan makon, ka daure ka taka zuwa sashen intanet na laburarenku. Ka tambayi rumbunan da aka biya, ka karɓi kalmar sirri, ka tambaya ko za ka iya shiga daga gida. In littafin da kuke buƙata babu shi, ku gaya wa malamin kwas ya sa shi a jerin sashe. In kuma za ka taimaki 'yan ajinku, tura musu adireshin littafin a rumbun laburare maimakon fayil ɗin, kowa ya buɗe da kansa a ƙidaya shi. Allah ya ba da sa'ar karatu.