Faya-fayan da Suka Yi Suna, Amma Ba a Jin Su Har Ƙarshe

Da wuya a sami garin da ba a san Bob Marley ba. Hotonsa yana jikin motocin haya da shagunan aski tun daga Kingston har Kano, kuma ko wanda ba ya jin Turanci yakan kaɗa kai idan aka sa "One Love". Amma da za a tara masu kiran kansu masoyansa a tambaye su waƙar da ta buɗe faifan Exodus, wanda mujallar Time ta zaɓa a 1999 a matsayin gwarzon faifai na ƙarni na 20, da yawa za su yi shiru. Haka abin yake ga manyan kundayen waƙoƙi na duniya: suna ya cika gari, waƙa biyu ko uku suna yawo, saura kuwa suna kwance ba mai taɓa su.

Shi kundin waƙoƙi, wato albam, bai daɗe a duniya ba. Tsohon faifan garmaho minti 3 zuwa 4 kawai yake ɗauka a kowace fuska, waƙa ɗaya ke nan a juya. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai ɗaukar sama da minti 20 a fuska guda. Daga nan mawaƙa suka sami filin tsara zance: wace waƙa za ta buɗe, wace za ta rufe fuskar farko, da me za a tari mai sauraro idan ya juya faifan. Jerin kansa ya zama wani ɓangare na saƙon.

Exodus ya nuna haka ƙarara. A ranar 3 ga Disamba 1976 'yan bindiga suka kutsa gidan Marley a Kingston, suka harbe shi, suka harbi matarsa Rita da manajansa. Duk sun tsira. Bayan kwana biyu ya hau dandamali da rauninsa, sannan ya bar Jamaika ya koma Landan, inda aka naɗi faifan da ya fito a 1977. Waƙoƙi 10 ne, biyar a kowace fuska. Fuskar farko muryar mutumin da ya tsallake rijiya da baya ce: gargaɗi, addini, da zancen alhakin da ke bin azzalumai, daga "Natural Mystic" zuwa "Guiltiness" da "The Heathen". Sai an wuce wannan duhun ake isa fuska ta biyu, inda soyayya da rawa da kwantar da hankali suke. Wanda ya san fuska ta biyu kaɗai ya ji lallashin, bai ji abin da ya kawo kukan ba.

Laifin ba na masu sauraro ba ne kawai. A 1984, shekara 3 bayan rasuwar Marley, kamfanin Island ya fitar da Legend, tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi 14 wanda ya fi kowane faifan reggae kasuwa a tarihi. Biyar daga cikinsu daga Exodus aka ɗebo: huɗu daga fuska ta biyu, sai waƙar da faifan ya ci sunanta. An tsame nama an bar miya. Daga Survival kuwa, faifan 1979 mai tutocin ƙasashen Afirka a bangonsa, ko waƙa ɗaya ba a ɗauka ba. A cikinsa ne "Zimbabwe" take, waƙar da Marley ya rera a filin wasa na Rufaro a bikin 'yancin kan ƙasar a watan Afrilun 1980. Ke nan faifan da ya fi fuskantar Afirka shi ne wanda Legend ya tsallake gaba ɗaya.

Ko faifan da ya fi kowanne kasuwa a duniya bai tsira ba. Thriller na Michael Jackson, wanda Quincy Jones ya jagoranci haɗa shi, ya fito a ƙarshen 1982 da waƙoƙi 9, tsawon kusan minti 42. An fitar da 7 daga ciki ɗai-ɗai, kuma dukkansu sun shiga goman farko a jadawalin Billboard. Biyun da aka bari, "Baby Be Mine" da "The Lady in My Life", su ne zakaran gwajin dafi tsakanin wanda ya saurari faifan da wanda ya san shi ta bidiyo a talabijin. Waƙar da ta buɗe shi ma tana da labari: amshin ƙarshenta an aro shi ne daga "Soul Makossa" ta Manu Dibango ɗan Kamaru, waƙar 1972, abin da ya jawo rigimar haƙƙin mallaka da aka sasanta da kuɗi.

A Legas, Fela Anikulapo Kuti ya bi wata hanyar daban. Faifansa sau da yawa waƙa ɗaya ce a kowace fuska. Zombie, wanda ya yi wa sojoji zambo a cikinsa, waƙoƙi 2 ne kacal, kowace ta haura minti 12. Sai an ɗauki mintoci ana kiɗa zalla, gangunan Tony Allen suna ja, kayan busa suna amsawa, kafin Fela ya buɗe baki. Bayan fitowar faifan, a watan Fabrairun 1977 sojoji kusan 1,000 suka afka wa gidansa na Kalakuta, suka cinna masa wuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga. Ta rasu a 1978. Wannan tarihin ya sa kowa ya san sunan waƙar farko, "Zombie". Ta biyu, "Mister Follow Follow", wadda ke sukar bin umarni ido rufe, ba ta sami wannan gatan ba, ga shi kuwa ita ce ta ɗauke zancen daga kan soja ta ɗora shi kan kowa.

Akwai kuma faya-fayan da aka ɗinke su ta yadda ba sa son a yanka. What's Going On na Marvin Gaye, na 1971, wanda mujallar Rolling Stone ta sa a gaba a jerin faya-fayai 500 da ta fitar a 2020, yawancin waƙoƙinsa suna shiga juna ba tsayawa. Labari ɗaya ne na sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya tarar da talauci da miyagun ƙwayoyi da cin zalin 'yan sanda a gida, kuma ƙanen Gaye, Frankie, ya je wannan yaƙin. Rediyo kan cire waƙar farko ta sa, sauran labarin ya rage a faifai.

To me ya sa ake tsayawa a bakin ƙofa? Amsar tana cikin hanyar da waƙa ke bi ta iso kunne. Gidan rediyo ba shi da minti 40 da zai ba mawaƙi ɗaya. Kaset, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1963, ya ba kowa damar haɗa nasa zaɓin, kuma a wancan zamanin a ƙasar Hausa mai shagon kaset ne yakan cika wa mutum zubi da waɗanda suka fi tashe. Faifan CD, daga 1982, ya kawo maɓallin tsallake waƙa. A 2003 shagon iTunes ya fara sayar da waƙa ɗai-ɗai a kan santi 99. A Spotify kuwa da zarar an saurari daƙiƙa 30 an ƙirga an ji waƙar, don haka masu haɗa kiɗa suke gaggawar kawo amshi tun kafin yatsa ya matsa gaba. Mai tura waƙoƙi a katin waya a bakin kasuwa ya gaji mai shagon kaset, sai dai shi ko sunan faifan ba ya biyo waƙar.

Makaɗan Hausa ma sun sha irin wannan yankan. Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, doguwar waƙa ce da aka saba ji a kaset da gidan rediyon Kaduna. Yau matasa da yawa guntun da ke yawo a WhatsApp da TikTok suka sani, ba su ji yadda Shata ke hawa daga kirari zuwa habaici yana dawowa ga 'yan amshi ba.

Wasu mawaƙan ba su naɗe hannu ba. Ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, mai The Dark Side of the Moon na 1973, ta kai kamfanin EMI gaban babbar kotu a Landan, kuma a 2010 alƙali ya yarda cewa yarjejeniyarsu ta hana sayar da waƙoƙinsu gutsure-gutsure ba da izininsu ba. Ba a rufa shekara ba suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya da ta halatta hakan, saboda kasuwa ta riga ta juya. A watan Nuwamban 2021, lokacin da Adele ta fitar da faifanta mai suna 30, ta nemi Spotify ya daina cuɗa jerin waƙoƙi da kansa idan an buɗe albam. Kamfanin ya amince, ya sauya babban maɓallin da ke shafukan albam, yadda mai biyan kuɗin wata idan ya latsa zai fara daga waƙa ta farko ya bi jerin da mawaƙin ya tsara.