Kwalliyar alminiyon a tsofaffin motoci: gogewa, shafe ko sabon rufi?

Duk wanda ke bin titin da ya tashi daga Kwangila ya ratsa Hanwa zuwa Samaru, ba zai rasa cin karo da tsohuwar Fijo 504 ko Marsandi ta shekarun 1980 ba, wata tana tafiya, wata an lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida. Da yawa daga cikinsu na malaman Jami'ar Ahmadu Bello ne da ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya, wasu kuma gado ne da 'ya'ya ke son farfaɗowa. Idan aka kai irin wannan mota gareji a Sabon Gari, inji da fenti ba su cika gagara ba. Abin da kan lalace a hannun mai gyara shi ne siraran ƙarafan nan masu sheƙi da ke zagaye da gilasai da gefen mota, waɗanda aka fi kira kurom.

Akasarin ɓarnar daga sunan take farawa, domin ba duk mai sheƙi ne kurom ba. Kamfanin Peugeot, wanda ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, ya yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa a bambar 404 da 504. Marsandi samfurin W123 kuwa, firam ɗin gilasanta alminiyon ne, wato goran ruwa, haka ma layin da ke gefen Volkswagen mai siffar kunkuru da aka riƙa harhaɗawa a Legas. Kowane ƙarfe da irin maganinsa. Samfefar da za ta gyara wani, ita ce za ta kashe wani.

Alminiyon ba ya jan tsatsa irin na baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi, sai ya yi wa kansa wata fata siririya da ido ba ya gani. Masana'antu sun gano hanyar kaurara wannan fata: a tsoma ƙarfen cikin ruwan asid, a sakar masa wutar lantarki, sai fatar ta tsiro daga jikin ƙarfen kansa, sannan a dafa shi a ruwan zafi mai tsabta don ƙananan ramukanta su toshe. Wannan shi ne anodayizin. Wasu Turawan Ingila biyu, Bengough da Stuart, su ne suka yi rajistar hanyar a 1923, aka fara amfani da ita don kare sassan jiragen sama masu sauka a kan ruwa daga cin gishirin teku. A 1927 aka fito da hanyar amfani da asid irin na ruwan batir, wadda aka fi bi har yau. Kaurin fatar a kayan kwalliya yakan kama daga maikiron 5 zuwa 25, abin da bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba, amma ta fi ƙarfen da ke ƙarƙashinta tauri nesa ba kusa ba.

Zariya ta yi sa'a ta wani fanni, domin babu iskar teku mai gishiri irin ta Legas. Sai dai tana da nata abokan gaba. Ƙurar hunturu tana ɗauke da yashi mai laushi, kuma duk lokacin da aka goge mota da busasshen tsumma, tamkar an bi ta da samfefa ne. Zafin rana yana sa fatar ta yi tsage-tsage ƙanana. Mafi muni shi ne garin sabulun wanki da ake zubawa a bokiti a wuraren wankin mota, domin sinadarinsa mai kaifi irin na kanwa yana cin wannan fata sannu a hankali. Shi ya sa firam ɗin ke yin fari-fari kamar an shafa masa madara.

Kafin a yanke shawara, akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ba sa cin kuɗi. A kara maganaɗisu: idan ya kama, ba alminiyon ba ne. Idan bai kama ba, a duba nauyi, domin wani nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa shi ma ba ya kama maganaɗisu, amma ya ninka alminiyon nauyi kusan sau uku. Sai a ɗiga man goge ƙarfe a farin ƙyalle a murza a wani lungu da ba a gani. Idan ƙyallen ya yi baƙi, ƙarfen tsirara yake. Idan bai yi ba, fatar masana'anta tana nan. Mai wayarin ma zai iya tabbatarwa da mitarsa, tunda fatar ba ta wuce da lantarki. Na ƙarshe, a jiƙa wurin da ruwa. Idan sheƙi ya dawo har ruwan ya bushe, to ɓarnar a sama kawai take.

A irin wannan hali, shafe shi ne mafi dacewa. A wanke da sabulun mota, a busar, a shafa kakin mota ko ruwan seramik ɗin da ake sayarwa a shagunan kayan fenti. Shafen yana cike ƙananan tsagogin, sheƙi ya dawo, kuma ba a rage wa ƙarfen komai ba. Aibinsa kawai shi ne ba ya dawwama: kaki na son a sabunta shi bayan 'yan watanni, seramik ya fi shi jimawa. Akwai masu fesa kiliyar fenti a kai, amma kiliya ba ta kama ƙarfe mai santsi da kyau, kuma mai araha takan yi rawaya ta ɓare a rana. 'Yan kasuwa masu sayen tsofaffin motoci su lura cewa ɗan shafen mai ma yana ɓoye wannan farin na kwanaki, don haka a nemi a wanke mota kafin a yi ciniki.

Gogewa ita ce hanyar da masu gyaran jikin mota suka fi sani, kuma ita ce ba ta da komawa baya. Man gogewa ba ya aiki a kan fatar, sai an cire ta gaba ɗaya, ko da samfefa ko da sodar da ake haɗa sabulu da ita. Sodar tana da haɗari: tana ƙona hannu da ido, kuma idan ƙarfen ya daɗe a ciki za ta huda shi. Bayan cirewa sai a bi da samfefar ruwa daga lamba 400 har zuwa 2000, a ƙarasa da man gogewa. Sakamakon yakan yi ƙyalli kamar madubi, har ya zarce yadda motar ta fito daga kamfani. Amma ƙarfen ya koma tsirara, damina ɗaya ta isa ta dusashe shi in ba a bi shi da kaki ba. Gogewa ta dace ne da abin da ya riga ya yi zurfin ƙarzuwa ko ramuka, wanda shafe ba zai ɓoye ba. Soson waya kuwa bai kamata ya kusanci alminiyon ba ko kaɗan, domin yana barin ɓurɓushin ƙarfe da ke tsatsa a kai.

Sabon anodayizin ne kaɗai ke maido da abin yadda yake tun asali, ya kuma daɗe shekaru. Sai dai aikin masana'anta ne mai buƙatar tankunan asid, da wuta tsayayya, da sanyaya ruwa, ba aikin bakin titi ba. Dole a kwance kayan daga mota, a cire duk wani kilif ko kusar ƙarfe domin asid zai cinye su. Rami ko lotsawar da ba a gyara ba za ta fito fili, kuma wurin da aka yi walda yakan fita da launi daban. Kowane zagaye na cirewa da sakewa yana rage kaurin ƙarfen da dama can siriri ne. Wanda zai bi wannan hanya ya fara aika guntu ɗaya a gwada. Sau da yawa ma neman wani firam mai lafiya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya fi sauƙi, kafin 'yan gwangwan su kai shi ga masu narka tukwane.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne ya fara da hanyar da ta fi sauƙin ɓarna. Motar da fatarta ke nan, a wanke ta da ruwa mai yawa kafin tsumma ya taɓa ta, a raba ta da garin sabulu, a shafe ta, a ajiye ta a inuwa. Wadda ta ƙarzu, a goge ta tare da sanin cewa an ɗauki aikin kula na dindindin. Wadda ake son ta koma kamar sabuwa don sayarwa ko ajiyar tarihi, ita ce ta cancanci kuɗin masana'anta. Masu sayen irin waɗannan motoci sun fi daraja kayan asali, ko da sun ɗan dusashe, a kan waɗanda injin gogewa ya cinye gefensu. Don haka kafin a miƙa wa yaron gareji makulli, a tambaye shi da me zai goge, a kuma tsaya a ga gwajin farin ƙyallen nan da ido.