Ƙuncin Ma'ajiya a Wasannin Intanet: Kukan Wa Kamfanoni Ke Ji?

A watan Nuwamban 2018 kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da Fallout 76, wasan da ake bugawa ta intanet, inda ɗan wasa ke yawo a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, yana tsintar ƙarfe da itace da tsumma don ya ƙera makami, ya gina makwanci, ya tsira da ransa. Tun a makonnin farko ƙorafi ya yi yawa a kan abu guda: akwatin ajiyar kaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce nauyin fam 400. Mutum zai yini yana tara kayan ƙira, ya dawo gida ya tarar babu inda zai zuba su. Kamfanin ya ce ya taƙaita akwatin ne don kada na'urorinsa su yi nauyi. A watan Disamba ya ɗaga shi zuwa 600, a farkon 2019 zuwa 800, a 2021 kuma zuwa 1,200. Sai dai a tsakanin haka, a Oktoban 2019, ya ɓullo da wani tsari mai suna Fallout 1st, wanda duk mai biyan dala 12.99 a wata zai samu akwatin kayan ƙira da ba ya cika. Nan 'yan wasa suka yi tambayar da ta dace: idan na'ura ce ba ta iya ɗauka, ta yaya kuɗi ya sa ta iya?

Samarin Matazu da Musawa da Malumfashi a jihar Katsina ba su cika buga wannan wasa ba, domin sai da kwamfuta mai ƙarfi ko na'urar wasa ta musamman. Amma dabarar da ke cikinsa ta riga ta shigo aljihunsu ta wayoyin Tecno da Itel da Infinix. Duk wanda ya zauna a shagon cajin waya da yamma ya ga yadda samari ke haɗa kai a kan Free Fire ko PUBG Mobile, wasu kuma a kan Minecraft ko Last Day on Earth, zai ji kalmomin da suke maimaitawa: jaka ta cika, me zan zubar, waya ba wuri, data ta ƙare. Abin da nake son mu duba shi ne dalilin da ya sa kusan duk waɗannan wasanni ke matse ɗan wasa a wajen ajiya, da abin da ƙorafin 'yan wasa ke iya canzawa.

Dalili na farko na gaskiya ne, kuma ba laifi a cikinsa. Wasan tsira da rai ba ya armashi idan mutum zai iya ɗaukar komai. Daɗinsa yana cikin zaɓi: in ɗauki magani ko harsashi, in bar ƙarfe in ɗauki abinci. A Minecraft, wanda kamfanin Mojang na Suwidin ya kammala fitarwa a 2011, jakar ɗan wasa gurbi 36 gare ta, yawancin kaya kuma 64 ke shiga gurbi ɗaya, akwati yana da gurbi 27. Wannan lissafi shi ke sa yaro ya koyi tsara kaya da ware su. A Valheim, wanda wani ƙaramin kamfanin Suwidin mai suna Iron Gate ya fitar a Fabrairun 2021, an hana ratsa ƙofar sihiri da ɗanyen ƙarfe, dole a loda shi a jirgin ruwa a keto teku da shi. 'Yan wasa da yawa sun koka, wasu kuma suka ce ai wannan tafiya ita ce wasan. A 2023 kamfanin ya raba gardama: ya bar dokar yadda take, ya ba wanda yake so damar sassauta ta a duniyarsa. A ganina wannan ita ce amsa mafi adalci da wani kamfani ya bayar, domin bai karɓi ko sisi a kanta ba.

Dalili na biyu shi ne kasuwa, kuma nan ya kamata mutumin karkarar Katsina ya fi kowa saurin ganewa. Manomin masara ko dawa ko waken suya a yankin Funtuwa ya san cewa wanda ba shi da rumbu ba shi da ta cewa a kan farashi. Da kaka yake sayar da amfaninsa da araha saboda ba inda zai ajiye, mai sito ya saye ya kulle, da bazara ya fito da shi ya sayar wa manomin nan da tsada. Mai wasan da ake saukewa kyauta ya fahimci haka sarai. Yana sakin kayan tsinta birjik, yana ƙuntata wurin zuba su, sannan ya tsaya a gefe da mafita ta kuɗi. Ba kowane wasa ke yin haka kai tsaye ba. A Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, babbar jaka a filin daga ake tsintar ta, ba saye ake yi ba. Kuɗin yana tafiya ne wajen sayen dayamon don tufafi da jarumai da juya sa'a. A Last Day on Earth kuwa ƙarfin gudu ne ke ƙarewa, sai mutum ya jira ko ya biya, ga jaka ƙarama da ke tilasta masa kai da komo. Salon ya bambanta, manufar ɗaya ce: a sa jira ya yi ɗaci har biya ya zama sauƙi.

Ƙorafi yana aiki, wannan ba shakka, sai dai tafiyarsa ta hawainiya ce. Shekaru 'yan Minecraft suka yi suna cewa kayan wasan sun ninka amma jaka tana nan yadda take. A 2020 Mojang ya yi alkawarin wata 'yar jaka da za ta haɗa ƙananan kaya iri-iri a gurbi ɗaya, ba ta fito sosai ba sai Oktoban 2024. A 2023 mutum fiye da dubu 500 suka sa hannu a takardar koke kan zaɓen da kamfanin ke shiryawa duk shekara, inda ake zaɓar halitta ɗaya cikin uku a saka a wasan, a watsar da biyu. A 2024 aka soke zaɓen. A 2025 kuma aka shigo da wani ɗan mutum-mutumin tagulla da ke rarraba kaya cikin akwatuna, wanda ya taɓa faɗuwa a irin wannan zaɓe a 2021. Wasan da aka sayar da kwafi sama da miliyan 300 nasa, wanda Microsoft ya saye kamfaninsa a kan dala biliyan 2.5 a 2014, ya sunkuya ya saurari masu bugawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kamfanonin ma sun yarda da haka.

To amma wane mai ɗakin? Muryar da ke isa kunnen kamfani ta wanda ke rubutu da Turanci ce, mai katin banki da ke aiki a ƙetare, mai wuta da intanet dare da rana. Damuwarsa gurbin akwatin cikin wasa. Saurayin Matazu yana da wannan damuwa, sannan yana da wata a kanta wadda ta fi ta nauyi: ma'ajiyar wayar kanta. Duk sabon abu da aka ƙara don faranta wa masu ƙorafi a Turai da Amurka yana zuwa ne cikin sabuntawa mai nauyi, dole a sauke ta kafin wasa ya buɗe. Mai ƙaramar waya sai ya goge hotuna da karatuttuka da waƙoƙi don ya samar mata wuri, ya kuma sayi data. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari, bayan darajar naira ta riga ta zube tun tsakiyar 2023, abin da ya ninka farashin duk wani abu da ake saye da dala a cikin wasa. Gyaran da ya zama sauƙi ga wani, kuɗin cefane ne ga wani.

Akwai kuma abin da yankin nan ya gani da idonsa. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara da Ɗanmusa, aka shafe watanni a haka. Asarar 'yan kasuwa da masu jinya ta fi ta kowa, ba na haɗa ta da wasa. Amma abin ya nuna wa matasa wata gaskiya: a wasan intanet, kayan da ka tara ba a wayarka suke ba, suna na'urar kamfani a wata ƙasa. Sabis ya ɗauke, ko an sace maka asusu, ko kamfani ya rufe wasan, ba ka da abin riƙewa. Wanda ya biya kuɗi haya ya yi, bai mallaki komai ba.

Ba na cikin masu cewa wasan nan ɓata lokaci ne zalla. Yaron da ya iya lissafin itace nawa da ƙarfe nawa zai tara kafin ya ƙera abu, ya raba aiki da abokansa huɗu, ya karanta umarni da Turanci, ya koyi wani abu. Illar tana inda wasa ya fara tsara wa mutum yininsa. Kyautar shiga kullum, da tayin da ke ƙarewa cikin sa'o'i, an yi su ne don kada a ajiye waya, kuma ba ruwansu da cewa damina ce ana noman farko ko jarrabawa ta ƙarato. Mafi muni shi ne akwatin sa'a, inda ake biyan kuɗi ba a san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irinsa a matsayin caca tun 2018, mu kuwa addininmu bai bar mu cikin duhu a kan caca ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ko da yake kaɗan ne cikin masu bugawa ke kaiwa wannan mataki.

Don haka iyaye da yayye a Matazu da kewaye, ƙwace waya kaɗai ba zai wadatar ba. Ku tambayi yaro wane wasa yake yi, ko ana sayen abu a ciki, kuma daga ina kuɗin ke fitowa. Ku kuma samari, idan wasa ya matse muku ajiya sannan ya nuna muku inda za ku biya, ku sani da gangan aka yi. Ku rubuta ƙorafinku a shafin da kuka sauke wasan, ku faɗi nauyinsa a waya da datar da yake ci, ku yi shi da yawa, domin kamfanonin nan suna ƙirga masu magana. Wanda bai gyara ba, ku goge shi ku koma wanda ake iya bugawa ba tare da intanet ba.