Satchel Paige, Gwanin Jifa da Aka Buɗe wa Ƙofa da La'asar

A wasan besbol, wanda mutanen Amurka suka ɗauka abin alfaharin ƙasarsu, babu wanda nauyi ya hau kansa kamar mai jifa, domin shi ne yake tsayawa bisa ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga mai riƙe da kulki, ya saki ƙwallo da ƙarfi ko da hikima, har abokin hamayya ya kuskure sau uku a fitar da shi. Sana'a ce mai cin kafaɗa da gwiwar hannu, saboda haka galibin ma'abotanta sukan ajiye ta tun ba su cika arba'in ba.

Leroy Paige, wanda aka fi sani da Satchel, an haife shi a Mobile ta jihar Alabama a 1906, kuma a gidan horon yara na Mount Meigs ya ƙware da jifa. Amma da yake a zamanin nan masu manyan ƙungiyoyi sun haɗa baki, ba tare da wata rubutacciyar doka ba, a kan kada baƙar fata ya taka filinsu, sai ƙuruciyarsa duka ta ƙare a ƙungiyoyin baƙaƙe irin su Pittsburgh Crawfords da Kansas City Monarchs, da yawon neman abinci har Kyuba da Meziko, alhali kuwa a wasannin sada zumunci ya sha karawa da fitattun Turawa kamar Dizzy Dean, suna kuwa shaidar fifikonsa. A 1938 hannunsa ya mutu, aka ce tasa ta ƙare. Cikin ikon Allah ƙarfin ya komo.

Sai bayan da ɗan wasa baƙar fata Jackie Robinson ya karya shingen a 1947 Bill Veeck ya ɗauki Paige a ƙungiyarsa ta Cleveland, a 1948, yana da shekara 42. Ya ci wasa 6, ya faɗi 1, ƙungiyar kuma ta ɗauki kambin shekarar. Abin al'ajabi, a 1965, yana da shekara 59, ya yi wa Kansas City Athletics jifa zagaye 3, ba a ci shi ko ɗaya ba.

An shigar da sunansa zauren girmama gwanaye na Cooperstown a 1971, ya rasu a 1982. A ganina wannan karramawa ba ta biya shekaru 20 da zalunci ya cinye masa ba.