Daga kaka zuwa damina: yadda shekara ke tafiya a ajin ƴan farko

A shirin da ya gabata mun leƙa ajin ƙananan yara, wanda a Nijar ake kira CI da CP, a Najeriya kuma aji ɗaya da aji biyu na firamare. Ga taƙaitaccen bayanin ga waɗanda ba su samu saurare ba, musamman iyayen da za su kai yaro makaranta karon farko.

A takarda, shekarar karatu a Nijar takan fara ne a watan Oktoba ta ƙare a Yuni. A yawancin jihohin arewacin Najeriya kuwa ana komawa a Satumba, a yi zango uku, a rufe wajen Yuli. To amma malamin ƙauye ya san akwai wata kalandar da ta fi ta takarda ƙarfi, wato ta kaka da hunturu da bazara da damina. Ko a 2024, ambaliyar ruwa ta sa gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan. Kusan wata guda ke nan ya tafi tun ba a buɗe kaye ba.

Ana buɗe lakkwal ne daidai lokacin da ake yankan gero, ana roron wake, ana cirar gyaɗa. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ba wani aikin kirki zai yi a gona ba, amma shi ake bar wa ƙanensa, shi ake aike da fura, shi ke korar awaki. Sai a ce bari a gama kaka tukuna. A nan ne ake yin asarar da ba a gani. Makonnin farko su ne na koyon zama a aji, da riƙe alli, da jan layi a tsaye da a kwance, da zana da'ira. Babba zai ga kamar wasa ne, alhali daga waɗannan layuka ake gina haruffa. Wanda ya zo a ƙarshen Nuwamba zai tarar ƴan'uwansa sun wuce a, e, i, o, u, sun shiga haɗa baƙi da wasali, shi ko hannunsa bai saba da alli ba. Daga ranar ya zama na bayan aji, kuma a ajin da yara suka yi yawa, da wuya malam ya samu sararin komowa kansa.

Sai dai kaka tana da nata alherin, don ita ke kawo kayan aikin lissafi kyauta. Kara ya wadata. Mushe, ko madam, zai ce kowa ya zo da ƴan sandunan kara ko tsinke, a yayyanka su daidai tsawon yatsa. Wasu kan haɗa da duwatsu, da ƙwallon dabino, da marafan kwalba. Da su ake ƙirga ɗaya zuwa tara. In an kai goma, sai a ɗaure su da zare ko roba, a ce wannan dami ɗaya ne. Kada ku raina wannan ɗaurin. Yaron da ya ɗaura dami da hannunsa ya gane dalilin da ya sa ake rubuta 12 da ɗaya a hagu da biyu a dama: dami ɗaya ne da kara biyu. Ranar da aka ce ya cire 5 daga 12, zai ga kara biyu ba za su isa ba, dole ya kwance damin. Abin da manya ke kira aro a lissafi ke nan, ya gan shi da idonsa kafin a ba shi sunansa. Wanda aka hardace wa lambobi da waƙa kawai zai iya rera su har ɗari, amma ka ajiye masa goro bakwai ka ce nawa ne, sai ya tsaya yana kallonka.

Wani abin da makarantun ɓangaren Faransanci suka riƙe, wanda a ganinmu ya kamata na ƙetaren iyaka su ara, shi ne aiki da ƙaramin allo, wato arduwaz. Malam zai faɗi gaɓa, a ce "ba" ko "ki". Ya buga tebur sau ɗaya, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Cikin ƙiftawar ido ya ga aji gaba ɗaya, ya san wa ya gane, wa ya juya harafi, wa ke leƙen na maƙwabcinsa. A goge, a sake. Ba a ɓata takarda ba, kuma ba wanda ya ɓuya a bayan amsar taron jama'a. Don kowa ya san yadda amsar baki ɗaya take: biyar ne suka sani, sauran suna bin amo.

Da wane harshe ake wannan duka? Tsohuwar magana ce. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin. A 2025 kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma har yau akwai ajujuwa da yawa da yaro ke cin karo da baƙon harshe da baƙon rubutu a rana ɗaya. Aiki biyu ke nan a kan ƙaramin kai. In ya haɗa "ra" da "go" ya ji rago, ya san dabbar, sai ya yi dariya, ya gane ashe rubutu magana ce. In kalmar da ya haɗa ba ta da ma'ana a kunnensa, bai san ko ya yi daidai ba.

Hunturu na shigowa, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai safiya ta zama matsala. Yara na makara, suna zuwa da mura da tari, ƙafa ta yi faso, yatsu sun ƙage ba sa iya riƙe alli. Malamai masu dabara kan fara da tsalle-tsalle da tafi a fili, ko su fitar da aji hantsi, su bar rubutu sai jiki ya yi ɗumi. Lokaci ne kuma mai kyau na lura da yanayi. Kowace safiya a rubuta rana da kwanan wata a babban allo, a tambayi yara yau hazo ne ko garau, iska daga ina take busowa. A kafa sanda a tsakar makaranta, a shata inuwarta da safe, a sake shatawa da tsakar rana. Inda akwai rijiya kusa, ƴar gadina ta salati da tumatir da zogale kan zama aji na biyu: a auna tsawon fangali da taki, a ƙirga kwanakin da iri ya yi kafin ya tsiro. Ko ba gadina, gwangwani da ƙasa da ƙwayar wake uku sun isa. Iyaye dai su taimaka da rigar sanyi da ɗan man shafawa.

Bazara ita ce mai wuya. A Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ajin kwano ya zama tanda, bayan ƙarfe goma sha ɗaya ba abin da ke shiga kan yaro. Shi ya sa karatu da lissafi suke da safe, waƙa da zane da tatsuniya su biyo baya. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa. Lokacin sanƙarau da ƙyanda ne kuma, don haka zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, asibiti za a nufa.

Akwai kuma maganar da ba ma son tunawa, amma dole a faɗe ta. Dubban ajujuwa a Nijar na zana ne da kara, kuma sau da yawa ƙananan yara ake sakawa a ciki, manya su samu na gini. A Afrilun 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan ajujuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan ashirin suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yin wata a Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Uban da ɗansa ke ajin zana yana da haƙƙin ya je ya duba: ƙofa nawa ce, akwai rata tsakanin rumfa da rumfa, masu tuya da masu shayi suna nesa ko suna jikin zana? Ƙungiyar iyayen yara ta zauna da darakta a kan wannan tun kafin iska ta fara kaɗawa.

Ruwan farko na sauka, shekarar ajin zana ta ƙare, ko kalanda ta yarda ko ba ta yarda ba. Iska ta kwashe rumfa, manya sun tafi shuka, yara sun bi su. Ku lissafa da kanku: an rasa makonni a kaka, an rasa wasu a farkon damina, ga hutu na wata uku a gaba. Yaron da bai riƙe haruffa da kyau ba zai dawo a Oktoba kamar bai taɓa shiga aji ba.

Abin da gida zai iya yi a hutun nan ba ya bukatar kuɗi, ba ya ma bukatar uwa ko uba su iya boko. A bar masa arduwaz ɗinsa da guntun alli, kada a jefa su cikin kayan ɗaki. Yayarsa da ke CM ko aji biyar ta zauna da shi minti goma bayan la'asar. In an je gona, ya ƙirga ramukan shuka a kunya ɗaya, ya faɗi ƙwaya nawa aka zuba. In an aike shi kanti, ya karanta abin da ke jikin kwalin shayi ko buhun taki, ko da harafi biyu ya gane. Damin karansa kuma a rataye masa a inda akuya ba za ta kai ba, don da shi zai koma aji.